Yadda Zalɓe Ya Haɗiye Waƙarsa

Dalilin da ya sa kuke ganin zalɓe a bakin tafki shi kaɗai, wuya zololo a lanƙwashe, baki gum, shi ne zan gaya muku yau. Kada ku ji tausayinsa, yara, shi ya jawo wa kansa.

A da can zalɓe gajeren wuya gare shi kamar na kaza, kuma mawaƙi ne. Waƙarsa ɗaya ce tak, amma baiti ɗari uku gare ta, duk yabon kakanninsa ne. In ya ɗauko ta da hantsi, sai la'asar yake direwa. Waƙar daka, waƙar raino, ta gaɗa, ta 'yan talla, duk ya haɗa su ya sa musu suna guntattaki. Wadda ya fi rainawa ita ce kurciya, don tata waƙar ko ɗan yaye ya ji sau ɗaya ya riƙe.

Wata shekara aka yi fari, daji ya bushe, tsuntsaye suka rasa abinci. Suka taru a kan tsamiyar da matan ƙauyen Gangare ke daka a gindinta. Babbar matan, wata tsohuwa Gwaggo Tasalla, ta ɗaga kai ta ce ba su da hatsin ciyar da taro. Amma wanda ya yi musu waƙar da za ta rage musu nauyin taɓarya, shi za su bar wa tsakin da ke zuba a gindin turmi.

Kurciya tana da 'ya'ya biyu a sheƙa, kwana biyu ba su sa komai a ciki ba. Ta sauko ta ce za ta gwada. Zalɓe ya dube ta sama da ƙasa.

"Ke da wannan tarin naki?" in ji shi. "To, Gwaggo, a ƙara sharaɗi. Duk wanda mata ba su amshi waƙarsa ba, ya haɗiye ta, kada a sake jin ta."

Gwaggo Tasalla ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce irinsa ba a tambayarsa sau biyu.

Ya gyara murya ya fara da kakan kakansa. Mata suka nemi inda za su sauke taɓarya a cikin waƙar, suka rasa. Ya kai baiti na arba'in, babu amshi ko ɗaya. Ɗaya daga cikin matan, Lantana, ta kuskure turmi ta daki yatsan ƙafarta. Goyon abokiyar dakanta Kande ya tsala kuka. Gwaggo Tasalla kuwa gyangyaɗi ta yi ta farka, ta tarar bai zo kan ubansa ba tukuna.

"Malam zalɓe, ya isa," ta ce. "Daka muke yi, ba zaman makoki ba."

Kurciya ta matso, ta rera:

"Ku daka, mu ci,
Ku daka, mu ci."

Kafin ta maimaita sau uku, taɓare sun kama. Mata suka amshe, suna cilla taɓarya sama suna tafi, Lantana ma da ɗingishinta. Kafin azahar an gama dakan yini guda. Kurciya ta cika maƙoshi da tsaki ta kai wa 'ya'yanta.

Zalɓe ya lallaɓa zai sulale, tsuntsaye suka tare shi suka tuna masa sharaɗin da ya kafa da bakinsa. Ya fara haɗiya. Baiti ɗari uku ba abin wasa ba ne. Ya yi ta miƙa wuya, wuya na ƙara tsawo, har waƙar ta tokare a tsakiya ta lanƙwasa shi. Ba ta wuce ba, ba ta fito ba. Ya ruga tafki ko ruwa zai tura ta, ruwa bai yi komai ba.

Shi ya sa har yau kurciya ke kiwo a gindin turmi tana maimaita 'yar waƙarta, babu mai korarta. Shi kuwa babban mawaƙi yana can cikin taɓo yana farautar kwaɗi, in ya buɗe baki sai kakari.