Sunan da Za a Raɗa wa Dawar

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma ba mai sauƙi ba ce.

Akwai wata cibiyar binciken noma, gwamnati ce ke riƙe da ita, amma ba riba take nema ba. Mai aiki a can ba ya fargabar kora, ba ya kuma sa ran arziki. Duk abin da ya gano na jama'a ne. Abu guda cibiyar ke iya yi wa mutum: in an fitar da sabon iri, a raɗa masa sunan wanda ya fi shan wahalarsa, manoma su yi ta kira har jikoki.

Malam Ilu ne shugaban sashen dawa, yana dab da ritaya. Shekara da shekaru wuta-wuta, ciyawar nan mai tsotse saiwar dawa, tana cinye gonakin yankin, har ƙauyensu ya fara watsewa. Sai bana aka fitar da irin da ya fi ƙarfinta. Ɗalibansa uku ne suka yi aikin, shi kuma aka ce ya zaɓi suna. Abin ya yi masa nauyi, domin ya san abin da kowannensu ya rasa.

Ladidi ce ta zauna a cibiyar. Tsofaffin irin dawa da aka tattaro daga ƙauyuka mutuwa suke yi in ba a sake shuka su ba, kuma sau da yawa damina kan faɗi kayan aiki ba su iso ba. Ita ta riƙa shuka su layi-layi, tana tsince su ƙwaya-ƙwaya, har idonta ya yi rauni. Da ta bar su, da babu irin da za a bincika.

Tanimu kuwa tafiya ya yi, ya koma wani kamfanin iri mai albashi mai tsoka, abokai suka ce ya gudu. Amma a can injinan gwaji suke, kuma shi ya gano irin da ke jure wa wuta-wuta a cikin dawar Ladidi da cibiyar ta ba shi ya gwada. Kamfanin ya so ya mallake irin ya riƙa sayarwa. Tanimu ya ce amanar cibiya ce, ya mayar da ita. Kamfanin ya sallame shi, ga iyali.

Shi Barau ajiye bincikensa ya yi, alhali ya fi su kai. Irin gwamnati ba ya fita sai hukuma ta amince, iri nawa ma suka ruɓe a sito suna jira. Ya bi ofis-ofis, ya yi zaman benci, ya gaishe da waɗanda ba sa amsawa, ana yi masa dariya wai ya zama ɗan siyasa. Izini ya fito kafin ruwan shuka. Shi kuma ya tsufa bai gano komai da sunansa ba.

Ranar taron manoma, Malam Ilu ya roƙi a bar shi ya haɗa sunayen uku. Wani dattijo daga ƙauyensu ya miƙe ya ce, "Allah ya gafarta malam, mu a kasuwa suna ɗaya muke kira. In ka ba mu uku, da kanmu za mu zubar da biyu."

Malam Ilu ya dubi ɗalibansa a zaune gabansa, tausayinsu ya kama shi. Ɗaya za a riƙa ambata a kowace gona, biyu kuwa a manta da su tun suna raye.

To, ku da ke cin tuwon dawar nan, sunan wa ya kamata ya kira?