Hoton Shamuwar Bara

Akwai wani malamin makaranta a Kusada mai suna Mudassir, wanda Allah ya jarabce shi da son ɗaukar hoton tsuntsaye. Shi da abokansa na Kankia da Kusada suna da zaure a WhatsApp, inda kowa ke saka abin da ya ɗauko a daji.

Duk shekara sukan yi gasar wanda zai fara ɗauko shamuwa, tsuntsuwar da manoma ke cewa in ta iso, damina ta ƙarato. Shekara uku a jere Harisu na Kankia ke cinyewa, da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi. Abin yana ci wa Mudassir rai, don shi kyamara gare shi mai dogon baki, har da jakarta.

Bana sai ya ga ba zai iya jira ba. Ya lalubo hoton shamuwar da ya ɗauka bara, ya saka, ya rubuta: "Yau da safe, hanyar ƙauyen Boko."

Aka yi ta masa barka. Matarsa Ruƙayya, don murna, ta tura hoton zuwa gidansu a Bauranya, aka nuna wa mahaifinta, Malam Babba.

Ranar Juma'a Mudassir ya je gaishe shi. Ya tarar da tsohon ya sauko da damman gero daga rumbu yana sussuka. Wani iri ne mai dogon zangarniya da ya gada daga mahaifinsa, kuma fari ya cinye na bara, wannan ɗan ne kaɗai ya rage.

"Baba, har an fara shiri?"

"Ai kai ka kawo mana albishir, Malam. Tunda shamuwa ta iso, mi za ni jira? Gobe in sha Allahu binne za ni yi, ruwan farko shi iske iri a ƙasa."

Mudassir ya dubi ɗan irin da ya rage. Kalma ɗaya ce za ta tsayar da tsohon. Amma ya tuna zauren, ya tuna dariyar da Harisu zai yi, ga kuma kunyar suruki. Sai ya ce, "Allah ya sa albarka," ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Bayan kwana biyar aka yi ɗan yayyafi, irin ya tsiro. Daga nan sama ta yi shiru har sati huɗu, rana ta ƙone shukar ƙurmus.

Da Mudassir ya je jaje, ya iske Malam Babba zaune a bakin gona. Tsohon ya ga fuskarsa ta canza, sai ya shiga lallashinsa.

"Kada ka damu, Malam, ba laifinka ba ne. Kai abin da ka gani ka ɗauka. Ni dai abin da ya ɗaure mani kai, shekara sittin ina noma, shamuwa ba ta taɓa yi mani ƙarya ba sai bana."

Mudassir ya sunkuyar da kai.

Darasi: Ƙaryar da ka yi don a yaba maka ba ta tsayawa inda ka ajiye ta, kuma wanda ya fi yarda da kai shi take fara cutarwa. In ka samu damar gyarawa, ka gyara tun kafin a yi asara. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu saurin saka abu a waya.