Ƙasar Yaɓen da Tifa Ke Juyewa Kyauta

Akwai wani akanta a Kaura Namoda mai suna Armiya'u, yana aiki a wani kamfani da ke niƙa duwatsun ma'adinai. Bawan Allah ne mara hayaniya, in ba gaisuwa ba da wuya ka ji bakinsa. Da aikin nan yake riƙe da iyalinsa da tsohuwarsa.

In an niƙa dutse an wanke, akwai wata laka mai launin toka da ke saura. Lakar nan cike take da gubar dalma. Duk wata Armiya'u ke sa hannu a sallami masu tifa, su kai ta ramin da hukuma ta ware a binne.

Ana gab da damina, lokacin da kowa ke yaɓe ɗakinsa, sai ya je gaida ƙanwarsa Karima a wani ƙauye kusa da Banga. Yana shiga ya ga bango sumul, launin toka.

"Yaya, ka ga yaɓe?" in ji Karima tana murna. "Wata tifa ke juye muna ƙasar bakin kududdufi, kyauta. Laushi gare ta kamar gari, har rububi muke."

Armiya'u ya san launin nan, lakar kamfaninsu ce. Can gefe ga Salima, ƙaramar ɗiyar Karima, tana kankarar bango tana kaiwa baki.

"Kwana biyu ba ta jin daɗi," in ji uwar. "Ciwon ciki da jijjiga. An ce iska ce."

Ya ɗauke yarinyar daga jikin bangon, ya ce kowa ya kwana a tsakar gida.

Washegari ya sami manajansu, Alhaji Maccido. "Ranka ya daɗe, lakar nan ba rami ake kai ta ba. A ɗakin mutane na gan ta."

"Na sani. Ramin ya yi nisa, hanyar kuma ba lafiya. Kai naka lissafi ne, Malam Armiya'u. Sa hannu ka kama bakinka. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka."

Jama'a, kada ku ɗauka abu ne mai sauƙi. Armiya'u ya ji tsoro ƙwarai, ya tuna maganin tsohuwarsa da makarantar yara. Amma ya ƙi sa hannu, ya tafi ya sanar da jami'an lafiya. A satin aka kore shi.

Abin tausayi, mutanen ƙauyen ma haushinsa suka ji. An ce su kankare yaɓen duka, ga hadari ya fara haɗuwa. Mijin Karima ko gaisuwarsa ya daina amsawa. Armiya'u ya ɗauki fartanya ya shiga cikinsu ana kankarewa.

Da aka auna jinin yaran, sai ga dalma. Aka kwantar da Salima da wasu yara aka yi musu magani, kamfanin kuma aka rufe shi. Likita ya ce da sun cinye damina a ɗakunan nan, da labarin ya sha bamban.

Armiya'u ya daɗe a gida ba aiki, kafin 'yan kasuwar hatsi na Moriki su ji labarinsa su kira shi ya riƙe musu lissafi.

Da kaka ya koma ƙauyen. Salima ce ta tare shi da gudu tana kiran Kawu. Karima ta nuna masa sabon yaɓen, jar ƙasa, duk ya tsattsage.

"Yaya, bana ɗakina ya fi na kowa muni," ta ce tana share hawaye. "Amma da ɗiyata a ciki."

Darasi: Amanar ma'aikaci ba ta tsaya kan wanda ke ba shi albashi ba, ta haɗa da duk wanda sa hannunsa zai shafa. In ka ga cuta a wurin aikinka, shirunka ma hannu ne a cikinta. Ku tura wa wasu, wataƙila akwai wanda yake riƙe da biro yanzu yana tunani.