Maigidan da Ya Yi Sallama a Ƙofar Gidansa

Akwai wani mutum mai gidan saukar baƙi a wani gari na bakin hanya. Ɗakunansa da tsabta, ruwan randarsa da sanyi. A mararrabar garin kuwa akwai wata tsohuwa mai tuyar ƙosai, wadda matafiya ke tambaya inda za su sauka. Sunan mutumin nan take fara ambata, sa'an nan na sauran.

Da baƙi suka yawaita, sai ya ce a ransa, "Gida irin nawa ya wuce a karɓi baƙo haka kawai." Ya sa aka yi wa zauren ƙofa mai nauyi, wadda sai mutum biyu ke turawa. Ya kafa wa matarsa doka: kada a amsa sallama sai an share zaure, an shimfiɗa tabarmi duka, an jera kwanukan ado, shi kuma ya sa babbar riga.

Baƙo yakan zo a gajiye, ya yi sallama, shiru. Ya sake, shiru, sai motsin kwanuka daga ciki. Sai ya saɓa kayansa ya koma mararraba, ya ce, "Iya, babu wani gidan?" Tsohuwa ba ta faɗa da kowa. Ta dai mai da sunan mutumin na biyu, daga baya na ƙarshe, har ta daina ambatonsa. Ɗakunan suka zama na gizo-gizo.

Mutumin ya je mararraba yana huci. "Iya, wane laifi na yi miki? Gidan maƙwabcina ko tabarmar kirki babu, amma can kike tura mutane. Sai kin mayar mini da matsayina!"

Tsohuwa ta juya ƙosanta, ta ce, "Ɗan nan, ni ban taɓa shiga gidanka ba. Ƙafafun baƙi nake kallo. Wanda na tura maka yakan dawo, wanda na tura wa maƙwabcinka ba ya dawowa. Je ka yi sallama a ƙofarka, ka zo mu yi magana."

Ya koma da tsakar rana, ya tsaya a ƙofar gidansa ya yi sallama. Shiru. Ya ɗaga murya. Ya ji tsintsiya tana aiki a ciki. Gumi ya jiƙa masa riga, ƙishirwa ta kama shi, ƙafafunsa suka yi nauyi.

"Ni ne fa! Ni ne maigidan!"

Matarsa ta amsa daga ciki, "Na ji muryarka, Maigida. Saura tabarma ɗaya da kwanuka. Kai ka kafa dokar, ba ni ba."

Ya zauna a dakali. Kashegari ya cire ƙofar, ya rataya asabari, ya kawo randa bakin zaure. Ya ce wa matarsa, "A amsa tukuna, a ba da ruwa. Tabarma ta biyo baya."

Ma'anar wannan misali ita ce, gidan nan shafin ikilisiyarmu ne na intanet, haka kuma shafin duk mai sana'a a cikinku. Tsohuwar ita ce injin bincike na intanet, wanda ba ya son tura mutane inda za su daɗe a tsaye. Shafin da ke jinkirin buɗewa, mai nema yakan gaji ya fita, shafin kuma ya yi ta gangarowa ƙasa a jerin sakamako.

Ƙofa mai nauyi su ne manyan hotunan da aka ɗora yadda suka fito daga kyamara, da bidiyon mawaƙa mai kunna kansa yana cinye wa talaka data. Na faɗa a taron kwamitin ikilisiya har na gaji, zan kuma sake faɗa: a rage nauyin hotunan, a cire adon da ba ya amfanin kowa. Lokacin sujada da kwatancen majami'a su fara bayyana, wannan shi ne ruwan baƙo. Hotunan da ke can ƙasa su jira sai mai karatu ya gangaro gare su. Wanda aka danƙa wa aikin shafin kuma ya ɗauki ƙaramar waya, ya je inda netwok ke wahala, ya yi sallama a ƙofarsa. Wannan gyara hakki ne a kanmu, ba alfarma ba.

Amma 'yan'uwa, ba shafi kaɗai ke da ƙofa ba. Mai bukata yakan tsaya a bakin zuciyarka, kana cewa sai ka kimtsa tukuna. Ubangiji kansa yakan zo da kamannin baƙo mai ƙishirwa. Ka amsa tun yana tsaye. Ba tabarmarka ya zo gani ba.