Galan Ɗin da Auta Bai Huda Ba

Akwai wani mai feshin maganin ƙwari da 'yan gidansu ke kira Auta. Sana'a ce mai cin jiki. Wuni yake da tanki a baya, daga wannan sito zuwa wancan gida, ya dawo idanu jajur, kafaɗa kamar ba tasa ba.

A garinsu dokar hukumar tsafta ta ce duk galan ɗin da magani ya ƙare a ciki, a ɗauraye shi, a huda gindinsa, a kai wurin da aka ware. Wurin da nisa, wani lokacin ma ka je ka tarar an rufe. Auta yana tsaki, amma yana kaiwa.

Yayarsa da suke gida ɗaya ita ce abin ke ba haushi.

"Kai Auta, galan sabo fil ka sa masa ƙusa? Mu kuma muna fama da fasasshen bokiti."

"Yaya, guba ce a ciki."

"To sabulu don me aka yi shi? Ka dai ce rowa."

Tun yana bayani har ya gaji ya daina.

Wata rana ya dawo a galabaice, kansa na sarawa. Ya jingine galan ɗin da magani ya ƙare a ciki a bayan ƙofa, bai huda shi ba, ya ce bari ya ɗan miƙe baya tukuna. Barci ya kwashe shi. Da safe ya fita bai tuna ba.

Yaya ta gani. Ta wanke shi tas da ruwan zafi da sabulu, ta ɓare takardar jikinsa, ta shinshina, ba wari. Ta cika shi da ruwan sha ta miƙa wa mijinta, wanda magini ne, ya tafi aiki.

Rana ba ta yi tsaka ba aka kira Auta a waya. Mijin Yaya ya faɗi a wurin gini, yana amai, yawu na dalala, jiki na kyarma.

A asibiti likita na tambayar me ya sha, ba wanda ya sani. Sai Auta ya hango galan ɗin a hannun wani lebura da ya rako su. Nan take ya gane shi. Ya faɗa wa likita sunan maganin, aka ruga da marar lafiya ciki.

Suka zauna a benci, shi da Yaya, ba mai kallon wani.

Can ta ce, "Wallahi na wanke shi, Auta."

"Na sani, Yaya."

Mijin ya rayu, amma hannunsa bai daina rawa ba, bai sake ɗora bulo ba. Yanzu tankin nan na bayan Auta shi ke ciyar da iyali biyu.

Darasi: Wanki ba ya raba galan da guba. Komai gajiyarka, huda shi a take ka kai inda doka ta ce, kada ka bari sai ka huta. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu tara galan a gida.