Gonar Zailani ta Barking

Akwai wani direban bas a Barking, wata unguwa a London, sunansa Zailani, wanda bakinsa ya fi hannunsa iya noma. Duk inda aka zauna sai ya bugi ƙirji: "Ni fa jikan Sarkin Noma ne. A ba ni ƙasar London damina ɗaya, wallahi sai masu African shop sun rufe."

Allah da ikonsa, council ta ba shi allotment, ɗan filin nan da ake ba mutum ya yi lambu.

Ranar farko ya je da sabon takalmin roba, ya tarar da ƙaya har ƙugu. Ya kafa shebur, laka ta riƙe. Ya ja, bayansa ya amsa. Ga yayyafi. Ya ja tsaki, ya buɗe 'yar kujerarsa, ya zuba shayi, ya lumshe ido.

Nan fa noma ya kankama! Ya ga masara ta fi shi tsawo. Ya ga kabewa kamar tulu. Har ya ji ana kiransa Alhaji mai gona.

Duk Asabar haka. In ya buɗe ido ya ga ƙaya, ransa ya ɓaci, ya zagi ruwan ƙasar nan, ya zagi laka, ya sake rufewa.

Filin da ke jikin nasa kuwa na wata 'yar Jos ne, Mama Kachollom. Nata ya yi shar. Wata rana da ba ta nan, ya tsallaka ya rungumi kabewarta, ya ɗauki hoto ya tura group ɗin 'yan Arewa. Aka yi ta zuba masha Allah. Tun yana jin kunya har ya fara cewa "kabewata", kuma ba ya jin ya yi ƙarya.

Ana haka Shetu, ƙanwar matarsa, ta haihu. Matarsa Fausia ta tare shi da murna.

"Baban Ummu, na gaya wa mata kada kowa ta sayi kayan miya. Taushen suna daga gonarmu zai fito."

Shayi ya sarƙe shi. "Ai... ba su gama nuna ba."

"Wadda ka runguma a hoto fa? Kada ka kunyata ni, na riga na yi cancel ɗin order."

Ya so ya faɗi gaskiya, girman kai ya hana shi. Sai kan nan nasa ya sake haska masa hoto: safiyar Lahadi Mama Kachollom tana coci, a tsinka a tafi, baɗi ya rama mata ninki biyu. Har ya hango ta tana yi masa godiya.

Lahadi Fausia ta zo da mata cike da mota, kowa da jakarta, har da mijin Shetu mai ɗaukar video. Zailani ya tsaya tsakiyar lambun mutane yana nuni da hannu.

"Ku bi a hankali, alayyafon nan ya sha wahalata."

Fausia ta ciro babbar kabewar ke nan, sai ƙofar lambu ta yi ƙara. Mama Kachollom ce, cikin anko da ɗaurin kai, bayanta matan cocinsu da kwanduna. Ashe ranar ce bikin godiyar girbi, ta zo ɗaukar abin da za ta kai gaban bagadi.

Ta dubi kabewar, ta dubi Fausia.

"Sannunku da aiki. Malam Zailani, su wa ka kawo mini girbi?"

Fausia ta ce, "Mama, ai gonar maigidana ce."

"Ta maigidanki? Ga tasa can, 'yata."

Kowa ya juya. Ƙaya har ƙirji, shebur ya yi tsatsa a tsaye inda aka kafa shi, ga kujera, ƙasan ƙafafunta ne kaɗai wurin da ciyawa ba ta fito ba.

Mama Kachollom ta ce, "Nawa ma haka na same shi. Na rufe ido na ga lambun uwata a garinmu Vom, sai na buɗe na ɗauki fartanya. Shi kullum na zo idonsa a rufe."

Fausia ta ajiye kabewar a hankali. "Baban Ummu, da me zan yi taushen gobe?"

Zailani ya waiga wajen mijin Shetu.

"Kai, kashe video ɗin nan mana!"

"Yaya, ai live nake yi a group."

Darasi: Mafarki iri ne, ba girbi ba. Wanda ya hango abu a ransa ya tashi ya kama aiki, zai gan shi a hannunsa. Wanda ya zauna yana kallonsa a kai, ƙarshe kansa zai fara ruɗa kafin ya kunyata iyalinsa. Ku tura wa duk wani mai gona a baki, amma kada ku ce ni na aiko ku.