Makullin Ruwan Bayan Katanga

Akwai wani mutum a unguwar Iztapalapa, Don Evaristo, wanda ya gaji gida ɗaya shi da matar marigayi yayansa, Doña Tencha. Ana gama zaman makoki ya ja katanga a tsakar gida, ko gaisuwa ya daina.

Tankin saman rufi kuwa ɗaya ne, kuma ruwan famfo sai an yi sa'a yake zuwa unguwar. Babban makullin tankin yana ɓangarenta, tsohon yayi, mai kai kamar sitiyari. Duk Lahadi sai ta rufe ta buɗe shi don kada tsatsa ta cinye shi.

Evaristo ya sa nasa sabo, mai hannu, wanda juyi ɗaya ke rufewa. Da zai yi wa 'yarsa Itzel bikin cika shekara sha biyar, sai ya ga makullin yana ɓata masa ado. Ya sa aka shafe shi da siminti, aka manna tayil. Mutum ke nan!

Tencha ta leƙo ta ce, "Evaristo, makulli ake binnewa?"

"Ki ji da sitiyarinki, direbar famfo," in ji shi.

Ranar biki da hantsi, mata na tsaka da naɗa tamale, wani irin alalen masara, bututun kicin ya fashe. Ruwan da za a yi hidimar baƙi da shi ya kama malala tsakar gida. Evaristo ya rarumi guduma yana dukan tayil, ya ma manta inda makullin yake.

Matarsa ta ce, "Tankin fa zai ƙare! Ka kira ta mana!"

Ya tsaya jikin katanga, kunya kamar ta kashe shi. Da ƙyar ya ce, "Yaya Tencha..."

"Na rufe tun ɗazu," ta amsa daga can. "Ba ka ga ya tsaya ba?"

Ya duba. Ya tsaya kuwa.

"To ke fa? Ai naki ma ya yanke."

"Na sani. Miƙo bokiti, akwai saura a durona. Yarinyar nan ba za ta yi rawa da datti ba."

Ta saman katangar aka yi ta miƙa ruwa har baƙi suka watse. Washegari Evaristo ya sake ɗaukar gudumar, amma ba tayil ya nufa ba, katangar ya nufa.

Darasi: Kada ka toshe hanyar da ke tsakaninka da ɗan'uwa, don ranar da makullin ruwanka ya ƙi rufuwa hannunsa za ka nema. Tura wa wanda kuka daina gaisawa, ka fara da sallama.